KAFIN A TAMBAYI YARO: YADDA AKE ƊAUKAR ƳAN SHEKARA 10 ZUWA 14 CIKIN AIKIN BINCIKE

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa rabin mutanen ƙasar Nijar ba su cika shekara 15 ba. Cikin wannan rabi akwai wani rukuni wanda aka daɗe ana tsallake shi, watau ƴan shekara 10 zuwa 14. Sun wuce lokacin awon jarirai da rigakafi, ba su kuwa kai shekara 15 ba, wadda daga kanta ne manyan binciken lafiyar iyali suke fara yi ma mata tambaya. Alhali a cikin waɗannan shekaru biyar ne yaro da yarinya suke koyon yadda namiji da mace za su zauna da juna: wa ke magana, wa ke shiru, mene ne girmamawa, mene ne cin zali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ne ya sa masana suka juyo wajen waɗannan yara da takardun tambaya, kuma wajibi ne uwaye da malamai da sarakunan gargajiya su san ƙa'idodin da ake bi kafin a rubuta sunan ɗansu cikin irin wannan aiki.

Abin da aka gano a ƙasashe 15

Babban bincike na farko da ya dubi yaran wannan shekaru a duniya baki ɗaya, jami'ar Jons Hofkins ta birnin Baltimo, a Amurka, ita ta jagorance shi tare da ƙungiyar lafiya ta duniya OMS, ƙarƙashin likita Robert Blum. An zanta da yara wajen 450, kowane da uwa ko uba ko mai riƙonsa, a unguwannin talakawa na birane cikin ƙasashe 15, har da Wagadugu, Ile-Ife, Nairobi, Kinshasa, Asiyut ta Masar da Shangai ta Sin. Sakamakon ya fito a 2017.

Abin mamaki shi ne yadda maganar ta zo ɗaya duk da bambancin addini da harshe. Ko'ina ana koya ma ɗiya mace cewa ita mai rauni ce, sai an tsare ta, ana koya ma ɗa namiji cewa shi mai ƙarfi ne, ba ya kuka, ba ya neman taimako. Da zarar alamun balaga sun fito, sai duniyar yarinya ta tsuke zuwa cikin gida, ta yaro kuwa ta buɗe zuwa titi, kuma wasan da suke yi tare jiya ya zama abin zargi yau. Kowane ɓangare yana biyan kuɗin wannan tarbiyya: yarinya da barin lakkol da ciki tun jiki bai ƙosa ba, yaro da faɗa da shaye-shaye da haɗarin hanya.

Daga 2017 makarantar kiwon lafiyar jama'a ta Kinshasa ta ɗauki yara wajen 2,800 a unguwannin Masina da Kimbanseke, ta bi su shekara da shekaru don a ga yadda tunaninsu yake sakewa. Wajen 2,000 daga cikinsu ƴan lakkol ne, wajen 800 kuwa ba su zuwa lakkol, sai da aka bi ta hannun ƙungiyoyin unguwa kafin a same su. Wannan wahala da aka sha wajen neman yaran da ba su cikin aji ita ce darasi na farko ga ƙasarmu.

Wa aka tambaya, wa aka bari?

Hanya mafi sauƙi ga mai bincike ita ce ƙofar lakkol. Darekta yana da rajista, yara suna zaune a jere, rana ɗaya ta isa a cika takardu ɗari. Amma a karkarar Maraɗi, Damagaram da Tawa, ɗiya mace mai shekara 13 da ke cikin aji ba ita ce ta fi yawa ba. Sauran suna talla, suna daka, suna ɗibar ruwa, wasu suna aikatau a birni, wasu suna ɗakin miji. Maza kuma wasu suna makarantar allo nesa da uwayensu, wasu suna bayan dabbobi. Binciken alƙaluman jama'a da lafiya na 2012 ya nuna cewa cikin mata ƴan shekara 20 zuwa 24, kashi 76 bisa 100 an yi musu aure kafin shekara 18, kashi 28 bisa 100 kuwa kafin shekara 15. Wanda ya tsaya ga ƴan lakkol kaɗai, ya ji bakin waɗanda suka fi sa'a, sa'an nan ya rubuta rahoto da sunan yaran ƙasa duka. A kan irin wannan rahoto ne ma'aikatun ministoci suke tsara aiki su ware kuɗi.

An gwada wata hanya a jahar Doso a 2016, lokacin da ƙungiyar Pathfinder da jami'ar Kaliforniya ta San Diyego suka fara bincike kan ƴan matan da aka aurar suna ƙanana. An zaɓi ƙauyuka 48 a gundumomin Doso, Dogon Dutsi da Loga. A kowane ƙauye an sami jerin sunayen matan aure ƴan shekara 13 zuwa 19 ta hannun maigari, aka fidda 25 ta hanyar ƙuri'a, har aka tara mata sama da 1,000 tare da mazansu. Mace ce take tambayar mace, namiji yake tambayar namiji, da Hausa ko da Zabarmanci. Amfanin ƙuri'a a fili yake: ba maigari ke nuna ɗiyar ƙaninsa ba, ba mai bincike ke ɗaukar wadda ta fi baki ba, kuma babu gidan da za a ce an nufe shi don an ji labarinsa.

Yarda biyu, ba ɗaya ba

Tun bayan shari'ar likitocin Jamus a Nuremba, wadda ta haifar da ƙa'idodin 1947, da sanarwar Helsinki ta 1964, duniya ta tsaya a kan cewa ba a sa mutum cikin bincike sai da saninsa da yardarsa. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ƙara da cewa yaro yana da haƙƙin a ji ra'ayinsa cikin abin da ya shafe shi. Saboda haka ana neman yarda biyu. Ta farko izinin uwa ko uba ko mai riƙo. Ta biyu amincewar yaron da kansa. In uba ya yarda yaro ya ƙi, an bar shi. In yaro yana so uba ya ƙi, haka nan an bar shi. Izinin maigari da na darektan lakkol suna buɗe ƙofar gari da ta aji, amma ba su tsaya ma kowa daga cikin biyun nan.

A nan ne al'adarmu take buƙatar kulawa ta musamman. Yaron da aka yi ma tarbiyya ba ya ce ma babba a'a. Zai sunkuyar da kai, ya ce «to». Wannan «to» ta ladabi ce, wanda ya ƙidaya ta a matsayin yarda ya yaudari kansa. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan janye da yaron gefe, inda ana hangen su amma ba a jin su, ya bayyana masa aikin da ƙananan kalmomi, sa'an nan ya ce ya maimaita abin da ya fahimta. Yakan gaya masa sarai cewa ƙi ba laifi ba ne, ba zai taɓa makinsa a lakkol ba, ba za a kai ƙararsa gida ba, kuma ko an fara yana iya tsallake tambaya ko ya tashi. Dalili ke nan da ba a so malamin aji ya zama shi ne mai neman yardar ɗalibansa, domin yaro ba ya ƙin mai riƙe da alli da bulala.

Matsalar yarinyar da ke ɗakin miji ta fi wuya. Bisa al'ada ba a shiga gida a yi magana da ita ba da sanin maigida ko uwar miji ba, kuma wanda ya tsallake wannan ya jawo mata fitina bayan tafiyarsa. Amma in tambayoyin sun taɓa zagi da duka, gaya ma maigida dukan abin da ke cikin takarda zai iya zama haɗari gare ta. Ƙa'idodin da OMS ta fitar a 2001 kan binciken cin zalin mata sun ce a gabatar da aikin ga mutanen gida a matsayin binciken lafiya da zaman iyali, a tambayi mace ɗaya kawai a gida kan cin zali, a keɓe, kuma in wani ya shigo a sake magana. Ita kuwa matar, dole a gaya mata gaskiyar abin da za a tambaye ta kafin ta amsa.

Harshe, kyauta da sirri

Galibin takardun tambaya da Faransanci ake rubuta su, mai tambaya ya juya su zuwa Hausa. In ba a zauna an tsaida kalmomi tun farko ba, kowane ma'aikaci da tasa fassara, amsoshin kuma ba su haɗuwa. Kalma guda ta Faransanci tana iya ɗaukar abin da Hausa ta raba huɗu: aboki, ƙawa, saurayi, budurwa. Ka tambayi ɗiya mai shekara 12 ko tana da «aboki», ka rufe bakinta har ƙarshen zama, ka kuma tada hankalin uwarta. Ita kanta kalmar «bincike» a kunnen mutumin ƙauye tana tuna jandarma, rubuta suna kuwa yana tuna rabon taimako. Sai an faɗa tun a dandali cewa ba hatsi za a raba ba, ba kuma laifi ake nema ba. Masu binciken ƙasashe 15 sun yi amfani da gajerun labarai na wani yaro da wata yarinya, a tambayi yaron me yake gani za su yi. Ga ɗiyan da suka tashi da tatsuniya, wannan hanya ta fi tambayar kai tsaye sauƙi, don kunya ba ta hana mutum faɗin ra'ayinsa a kan wani.

Game da kyauta, ƙa'ida ita ce a biya lokacin da aka ci, kada a sayi yarda. Sabulu ko littafin rubutu ko kuɗin mota sun isa. In kyauta ta yi nauyi a shekarar da rumbu ya ƙare da wuri, uba ba zai iya cewa a'a ba, yaron ma ba za a bar shi ya ce ba. Haka kuma lokacin aiki: ranar kasuwa da tsakiyar damina ba lokacin tsare yaro awa biyu ba ne.

Sirri kuwa yana da iyaka, kuma dole a faɗi iyakar tun farko. Amsoshin yaro ba a kai su ga uwaye ko malami, a takarda ma lamba ake sawa maimakon suna. Amma in yaro ya bayyana cewa ana cutar da shi yanzu, mai tambaya ba zai rufe takarda ya wuce ƙauye na gaba ba. Kafin a yi tambaya ta farko, ya kamata a san likitar da za a kai shi da ma'aikacin kare yara da za a kira. Wanda bai shirya wannan ba bai shirya tambaya ba.

Amana in ta karye

Wani zai ce duk wannan tsari ya yi yawa ga aikin da babu allura ciki. Abin da ya faru a Kano ya isa amsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200, 11 suka rasu. Uwaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki kuma cutar ce ta kashe yaran. Shari'a ta ja har 2009, inda aka sasanta da jahar Kano kan dalar Amurka miliyan 75. Kafin nan, a 2003, an tsaida rigakafin shan inna a Kano kusan shekara guda, kuma labarin 1996 yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi. Cutar ta tsallako iyaka zuwa ƙasashen maƙwabta. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Takardar tambaya ba ta kisa, amma mutanen gari ba su rarrabe baƙon jiya da na yau. Ma'aikaci ɗaya da ya tambayi ƴan mata abin kunya ba da sanin uwayensu ba, ya rufe ƙofar garin ga mai rigakafi da mai ƙidaya da ungozomar likita.

Abin da ya kamata uwaye su tambaya

A Nijar akwai kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar binciken lafiya, ƙarƙashin ma'aikatar ministan kiwon lafiya, wanda aikinsa shi ne karanta tsarin bincike kafin a fita daji. Don haka in baƙi suka sauka da takardu ko da ƙaramar kwamfuta suna neman yara, maigari da uwaye suna da iko su ce a nuna musu takardar izini, a karanta musu ita da harshensu. Su tambayi wa ya aiko su, me za a tambayi yaron, wa zai ji amsa, ina za a kai wanda aka samu cikin wahala, kuma yaushe za a komo a gaya ma gari abin da aka gano. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Uwaye kuma, in sun gamsu, kada su tsaya a bakin ƙofa suna saurare, kada su tsare yaro da dare sai ya faɗi abin da ya ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a kan abin da ke faruwa tsakanin yara a hanyar rijiya da filin lakkol, su yaran ne masu ɗaki. Dokar da gwamnati ta ɗauka a watan Disamba 2017 don kare ɗiya mace mai karatu, da shirin Ilimin da aka fara a 2013 don ƴan mata masu shekara 10 zuwa 19, duk suna buƙatar a san gaskiyar halin da yaran suke ciki. Gaskiyar nan ba ta fitowa sai daga bakin yaron da aka nemi yardarsa, aka kuma ba shi damar ƙi. Allah ya raya muna su, ya sa mu riƙe amanarsu.