Kwamfuta a aji: darasin da aka koya daga Peru da Indiya

A duk farkon zangon karatu, makarantu masu zaman kansu kan tallata ɗakunan kwamfuta da allunan zamani, su kuma ƙara wa iyaye kuɗi a kansu. Ganin cewa tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, iyaye da dama na biya ba tare da musu ba. Sai dai binciken da aka yi a ƙasashe biyu ya nuna cewa raba na'ura daban, samun ilimi daban.

Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci sama da 800,000 domin 'yan firamare, a ƙarƙashin shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutarsa. A 2012, masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon nazarin makarantu 319 na karkara. Bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa na'urar, an kuma ga alamun ƙaruwar kaifin tunani, amma makinsu a lissafi da harshe bai ɗaga ba. Kwamfutocin ba su zo da manhajar da ke bin darasin aji ba, yawancin malamai kuma sun ci gaba da koyarwa kamar yadda suka saba.

A birnin Delhi na Indiya kuwa labarin ya sha bamban. An gwada wata manhaja mai suna Mindspark a kan ɗalibai 619, aka yi ƙuri'a wajen zaɓen waɗanda za su halarci cibiyoyinta bayan an tashi daga makaranta. Kowane zama minti 90 ne, rabi a gaban kwamfuta, rabi tare da malami. Cikin wata huɗu da rabi, ci gaban waɗanda ƙuri'ar ta faɗa musu a lissafi ya kai kusan ninki biyu na takwarorinsu.

Sirrin yana cikin yadda manhajar ke aiki. Takan fara ne da gwada ɗalibi domin gano ainihin matakinsa, domin da yawansu suna bayan ajinsu da shekara biyu ko fiye. Daga nan sai ta ba shi tambayoyi daidai ƙarfinsa, ta nuna masa kuskurensa nan take, ta ƙara wuya idan ya ƙware. Malami guda mai ɗalibai 70 ba zai iya yi wa kowa haka ba. Wannan ne kuma ke riƙe hankalin yaro, domin wanda darasi ya fi ƙarfinsa yakan karaya, wanda ya raina darasin kuma yakan gundura.

Ɗaukar hankali ma iri biyu ne. Yaro na iya shafe sa'a guda yana danne-danne cikin nishaɗi bai koyi komai ba. A 2015, ƙungiyar OECD ta gano cewa ɗaliban da ke yawaita amfani da kwamfuta a makaranta sun fi samun ƙarancin maki fiye da masu amfani da ita daidai wa daida. Rahoton UNESCO na 2023 ya yi gargaɗin cewa wayar hannu a aji na raba hankalin ɗalibi.

Saboda haka, kafin uba ya biya kuɗin kwamfuta, ko jami'in ilimi ya sa hannu a kan kwangilar sayenta, akwai abin tambaya. Wace manhaja ce a ciki, kuma tana bin matakin kowane yaro? An horar da malamai a kanta? Akwai wutar lantarki ko ta sola, da mai gyara idan ta lalace? Sannan makarantar za ta iya nuna makin yara a karatu da lissafi kafin zuwan na'urar da bayan zuwanta?