Sun biya kuɗin shirin, amma wasu aka fara nuna wa: ƙorafin masoya Doctor Who

A watan Yulin 2013, dubban mutane suka cika zauren Hall H a birnin San Diego na Amurka, wurin taron Comic-Con, inda kamfanonin fina-finai suke tallata sabbin ayyukansu kowace shekara. A nan aka kashe fitilu, aka nuna musu somin-taɓin wani shiri na musamman na Doctor Who, wasan almarar kimiyya na BBC da ke ba da labarin wani baƙon halitta mai yawo tsakanin zamunna.

Zauren yana ɗaukar mutum kusan 6,500, wasunsu a bakin ƙofa suke kwana don su samu kujera. Sauran miliyoyin masoya shirin kuwa, sai labari suka ji. Jagoran shirin, Steven Moffat, ya gargaɗi mahalarta kada su ɗauka da waya su saka a intanet, BBC ma ba ta saki bidiyon ba bayan taron.

A Birtaniya ne abin ya fi zafi. Can aka haifi shirin, ranar 23 ga Nuwamban 1963, kuma wannan kashin an shirya shi ne don bikin cikarsa shekara 50. Ƙari a kan haka, da kuɗin lasisin talabijin ake gudanar da BBC, wanda a lokacin kowane gida yake biyan fam 145.50 a shekara, fiye da jika 100 na sefa. Shi ya sa tambayar da ta mamaye shafukan sada zumunta ita ce: yaya mai biyan kuɗin girki zai zauna yana jin ƙamshi, baƙo yana ɗanɗanar miya?

Kamfanonin suna da nasu lissafin. Wanda ya sayi tikiti, ya biya jirgi da masauki, yana son ya ga abin da na gida bai gani ba. Sau da yawa ma hotunan ba a gama gyara su ba. Uwa uba, ɓoyewar ita kanta talla ce, domin abin da aka hana gani shi ya fi shiga bakin mutane.

Sai a watan Nuwamba BBC ta fitar da cikakkiyar tallar kashin. Ranar 23 ga watan aka nuna The Day of the Doctor lokaci guda a ƙasashe 94, abin da ya shiga kundin bajinta na Guinness.

Al'adar dai ba ta mutu ba. A watan Afrilun 2019, a taron Star Wars Celebration na Chicago, an katse wa masu kallo ta intanet hoto daidai lokacin da aka fara nuna yankunan The Mandalorian. Kafin gari ya waye, bidiyoyi masu rawa da dishi-dishi da aka ɗauka a ɓoye sun bazu ko'ina. Ke nan abin da yawancin masoya suka fara gani shi ne mafi munin kwafi, wato ainihin abin da kamfanin yake gudu.

Ga wanda biza da kuɗin jirgi suka yi wa shamaki da irin waɗannan taruka, zancen ya wuce bidiyon minti biyu. Abin da yake son sani shi ne ko kamfani yana lissafa shi cikin masoya, ko kuwa sai ranar biyan kuɗi ake tunawa da shi.