Jan Furen da Ke Ciyar da 'Yan Mazan Jiya

Daga ƙarshen Oktoba zuwa 11 ga Nuwamba, duk wanda ya kalli talabijin ɗin Birtaniya zai ga wani ɗan jan fure maƙale a ƙirjin mutane: mai karanta labarai, ɗan majalisa, har 'yan ƙwallo a fili. Na takarda ne, tsakiyarsa baƙi, bai cika tafin hannun yaro ba. Ba a yanka masa farashi. Abin da Allah ya hore maka shi za ka jefa a gwangwani, kuɗin su tafi asusun ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasar, Royal British Legion.

A 1921 aka kafa ƙungiyar, shekara uku bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojoji sun dawo gida, wani ba ƙafa, wani ba ido, ga rashin aikin yi. Shi kuwa furen, fofi, shi ne ya riƙa tsirowa a filayen daga na Beljiyam da arewacin Faransa, inda igwa ta yamutsa ƙasa. Wata Bafaranshiya, Anna Guérin, ita ta kawo shawarar a ɗinka irinsa a sayar, kuma a shekarar farko aka tara sama da fam 106,000.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne dabarar Manjo George Howson. A 1922 ya buɗe 'yar masana'anta da sojoji biyar da suka naƙasa, aka tsara furen yadda mai hannu ɗaya ma zai iya haɗa shi. Howson ya san halin soja. Mutumin da ya saba tsayawa fareti ƙirji a buɗe, miƙa hannu yana yi masa ciwo fiye da raunin da ke jikinsa. Sai ga shi yana fita da safe, ya dawo da albashin guminsa. Masana'antar tana nan a Richmond har gobe.

Mu ma da ruwanmu a wannan tarihi. Kakanninmu sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, kuma a da Najeriya 11 ga Nuwamba take tunawa da sojojinta, kafin a mayar da ranar 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Duk shekara shugaban ƙasa yakan ƙaddamar da tambarin neman taimako, manya su yi alkawarin miliyoyi, a ajiye furanni, a saki fararen tantabaru.

Bayan an watse fa? Ina tuna matar da mijinta ya faɗi a dajin Sambisa. Gidan bariki na aiki ne, ba na gado ba, don haka wata rana sai ta tattara kayanta. Tana yawo da takardu a cikin leda, ofis zuwa ofis, kuɗin makarantar yara kuma ba ya jiran sa hannun kowa. Fansho da garatuti haƙƙi ne a wuyan gwamnati, sadaka ba ta sauke shi. Amma a watannin nan na jira, buhun masara da kuɗin haya daga ƙungiyar 'yan mazan jiya su ne ke hana gida rushewa.

A Ingila doka ta tilasta wa manyan ƙungiyoyin agaji su fitar da lissafin kuɗinsu duk shekara, kowa ya duba. Mai sayen tambari a Kaduna ko Maiduguri shi ma ya cancanci a nuna masa nawa aka tara, da marayu nawa aka biya wa kuɗin makaranta.