Maigida, Fatoma da Mai Gidan Haya: Kowane Suna da Nauyinsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku malamai da fatake, akwai wata kalma ta Turanci da ta shigo bakin 'ya'yanmu masu zuwa Ikko da Badun, wato lanlod. In aka tambaye su ma'anarta, wani ya ce maigida, wani ya ce mai gidan haya, wani kuma ya ce mai masauki. To, waɗannan sunaye ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya gauraya su a baki yana iya gauraya su a ciniki, har dukiyarsa ta salwanta.

Kalmar Turancin gaɓa biyu ce: ta farko ƙasa, ta biyu ubangida. Masana harshensu sun ce asalin gaɓa ta biyun shi ne mai tsaron gurasa, wato wanda iyali ke ci a hannunsa. A Ingila ana kiran mai ba da hayar gida ko gona da wannan suna, ana kuma kiran mai gidan saukar baƙi da shi. Mu kuwa Hausa ta rarraba mana su.

Maigida a wurinmu shi ne shugaban gida, wanda ci da sha da tufafin iyali ke wuyansa, ko da ɗakin da yake kwana na aro ne. Ubangida shi ne wanda bara ke yi wa hidima. Ubangiji ma daga uba da giji ya fito, giji kuwa gida ne, sai dai yau galibi Allah Maɗaukaki ake nufi da shi.

Amma a bakin fatake maigida yana da wata ma'ana mai nauyi. Shi ne wanda falke ke sauka a wurinsa a baƙon gari. Shi zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa in an sayi kayansa bashi. Haka aka yi a Salaga zamanin fataucin goron Gwanja, kafin yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwarta, haka kuma a zangon Kumasi. A Sabon Badun, wanda aka kafa a 1916, mai shanu daga Arewa yakan sayar wa mahauta bashi alhali bai san su ba, domin maigidansa ne ya san su, shi ne kuma ya yi lamuni. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai fitar daga aljihunsa, in ba haka ba baƙi su ƙaurace masa. Wani Bature masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ya rubuta wannan a littafinsa na 1969. Kanawa suna kiran irin wannan mutum fatoma, kalmar da aka aro daga Barebari, domin fato a harshensu gida ne. Mutanen Mali kuwa jatigi suke cewa.

Mai gidan haya dabam yake. Tsakaninsa da kai ɗaki ne da kuɗi. Malaman Malikiyya sun fi kiran wannan ƙulli kira'i in gida ne ko dabba, su kira shi ijara in aikin mutum ne. Sharaɗinsa a san kuɗin, a san wa'adin. Almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin ya san cewa mutuwar mazaunin gida ba ta warware hayar, amma in gidan ya rushe kafin wa'adi ya cika, ragowar hayar ta warware. Ban da wannan, mai gidan haya bai ɗauki bashinka ba, bai tsaya wa cinikinka ba.

Ga inda asara take shigowa. Falke ya sauka a gidan haya, ya riƙa kiran mai gidan maigida, ya ba da kaya bashi ga wanda ya gani a ƙofar gidan, yana zaton an tsaya masa. Ran da mai bashi ya ɓace, aka je gaban alƙali, sai a tambaye shi: wa ya yi maka lamuni, da wane lafazi, gaban waɗanne shaidu? Sunan da ya riƙa kira ba hujja ba ne. Ko ajiya ma, hukuncinta shi ne wanda aka ba amana ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Lamuni kuwa ƙulli ne mai zaman kansa, sai an faɗa.

Saboda haka, ya kai falke, kafin ka kwance kayanka tambayi mai gidan a fili: haya ce tsakaninmu, ko ajiya, ko lamuni? A rubuta, a sa shaidu, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Kai kuma da baƙi ke kira maigida, kana cin la'adarsu, ka tuna kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In ba ka iya ɗaukar nauyin sunan ba, gaya wa baƙonka tun a ƙofa cewa ɗaki kaɗai kake bayarwa.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya sa albarka a fataucinmu. Haza wassalamu.