Fata, Niyya da Himma: Nazari a kan Aƙidar Janyo Biyan Bukata da Tunani

1.0 Gabatarwa

Akwai wata aƙida da ta kafu a Amurka, ta kuma bazu cikin duniya ta hanyar littattafai da finafinai, wadda ke cewa duk abin da mutum ya ƙudurta a ransa, ya yi ta nanata shi da yaƙini, to zai zo masa, ko dukiya ce ko lafiya ko muƙami. Masu wannan ra'ayi suna kwatanta tunani da maganaɗisu, wai kyakkyawansa na janyo alheri, mummunansa kuma na janyo sharri. Manufar wannan maƙala ita ce a bi salsalar aƙidar, a dubi abin da bincike ya tabbatar a kanta, sa'an nan a auna ta da ma'aunin da harshen Hausa ya tanada.

2.0 Salsalar Aƙidar

Galibin masana tarihi suna danganta tushenta ga Phineas Quimby (1802-1866), wani mai gyaran agogo a jihar Maine, wanda ya riƙa warkar da mutane bisa fahimtar cewa cuta daga gurɓataccen tunani take tasowa. Daga almajiransa ne tafiyar da ake kira Sabon Tunani ta samo asali. A Faransa kuwa, wani mai haɗa magunguna, Emile Coué, ya lura cewa magani ya fi yi wa mara lafiya aiki idan an yaba masa shi. Sai ya koya wa jama'a su riƙa maimaita wata jimla ta samun sauƙi sau ashirin, safe da dare, suna ƙirgawa da zare mai ƙulli. Ya ziyarci Amurka a 1923, aka kuwa karɓe shi hannu bibbiyu.

Da tafiya ta yi nisa sai aƙidar ta karkata daga neman lafiya zuwa neman dukiya. A 1937, lokacin da karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929 ta bar miliyoyin Amurkawa ba aikin yi, Napoleon Hill ya fitar da Think and Grow Rich. Ba abin mamaki ba ne da littafin ya sami kasuwa, domin wanda ya rasa komai bai rasa tunaninsa ba. A 1952 limamin wata majami'a a birnin Niyok, Norman Vincent Peale, ya sa wa aƙidar rigar addini cikin The Power of Positive Thinking. Daga bisani, a 2006, Rhonda Byrne 'yar Ostareliya ta sake farfaɗo da ita da fim da littafi masu suna The Secret.

3.0 Abin da Bincike ya Nuna

Babu wata hujja ta kimiyya da ta nuna cewa tunani na fita daga kan mutum ya janyo masa kuɗi ko mota. Amma fa masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar cewa tunani na da tasiri a kan aikin da mai shi zai yi. Albert Bandura ya bayyana a 1977 cewa wanda ya yarda zai iya abu ya fi dagewa a kansa, ya fi kuma jure faɗuwa.

Sai dai ba kowane kyakkyawan tunani ne ke da amfani ba. Gabriele Oettingen ta rarrabe tsakanin sa rai, wanda ke dogara a kan abin da mutum ya taɓa yi ya ci nasara, da mafarkin ido biyu. A wani bincike da ita da abokiyar aikinta suka buga a 2002, an bi sawun ɗaliban da ke gab da gama jami'a. Waɗanda suka fi nutsewa cikin mafarkin samun babban aiki su ne suka fi ƙarancin aika takardun neman aiki, suka kuma ƙare da ƙaramin albashi. Dalili kuwa shi ne, mai mafarki ya riga ya ɗanɗani daɗin nasara a zuci, saboda haka jikinsa sai ya yi sanyi.

Maganin da ta bayar shi ne mutum ya hango abin da yake so, nan take kuma ya hango abin da zai tare masa hanya. Peter Gollwitzer ya ƙara da cewa niyya ta fi cika idan an ɗaure ta da lokaci da wuri. Alal misali, ɗalibin da ya ce da zarar ya ci abincin dare zai zauna ya karanta babi guda ya fi kusa da yin karatun bisa ga wanda ya ce kawai zai ƙara ƙoƙari.

Akwai kuma wata illa mafi girma. Idan tunani ne ke kawo komai, ke nan matalauci da mara lafiya su suka janyo wa kansu halin da suke ciki. Barbara Ehrenreich, wadda ta yi fama da sankarar mama, ta yi kakkausar suka a kan haka a 2009, inda ta nuna yadda ake ɗora wa majiyyaci nauyin yin fara'a a kan nauyin ciwonsa.

4.0 Ma'aunin Harshen Hausa

Bahaushe bai raina kyakkyawan zato ba. Yakan ce fata nagari lamiri ne, yana ƙin mugun baki, kuma majiyyacinsa ko yana jin jiki, in an gaishe shi sai ya ce da sauƙi. Duk da haka harshen ya ba kowane mataki sunansa. Fata na baki ne da zuci, ana kuma yi wa wani. Buri shi ne abin da rai ke hange, in ya wuce kima a kira shi dogon buri, wanda zargi ne. Niyya ƙuduri ce da ake ɗaurawa gab da aiki. Himma kuwa ita ce ƙarfin da ke tayar da mutum tsaye, shi ya sa aka ce himma ba ta ga raggo, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune. Abin da aƙidar janyowa ta yi shi ne ta ɗora wa fata aikin da na himma ne.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kyakkyawan tunani na da rana muddin ya kai mai shi ga shiri da aiki, yakan kuma cutar idan ya tsaya a mafarki, ko aka mayar da shi sandar dukan wanda ya gaza. Manomin da ya yi fatan damina mai albarka bai yi laifi ba, amma rumbunsa na jiran abin da fartanya ta yi ne.