Taya maras shambar: wane famfo ya dace da ita?

Kowa ya san amfanin keke a karkara. Shi ke kai manomi gona da asuba. Shi ke ɗaukar buhun hatsi zuwa kasuwa. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi, kuma babu mota a gari, sau da yawa keke ke kai shi gidan likita. Babbar abokiyar gabarsa ita ce ƙaya. Daga Maraɗi zuwa Damagaram har ƙasar Tawa, tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa sun sha sauke mutum daga keke a tsakiyar daji.

Tayar keke mai iska ta daɗe a duniya. Wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ne ya haɗa ta a birnin Belfast a shekarar 1888, domin keken ɗansa. Fiye da shekara 100 kekuna suna tafiya da shambar, wato robar nan ta ciki wadda ke riƙe iska, wadda wasu ke kira tub. A shekarar 1999 kamfanin Mavic na Faransa, tare da Michelin da Hutchinson, suka fito da tayar keke da ba ta buƙatar shambar. Masu gyara suna ce mata tubles. Masu moto da mota sun riga sun san irinta. Yawancin kekunan ƙauye har yanzu na shambar ne, amma cikin kekuna masu faɗin taya da ake ƙerawa a Turai da Asiya akwai masu wannan sabon tsari.

Yadda take riƙe iska

A tayar tubles, tayar kanta ce ke riƙe iska. Bakinta yana manne wa ƙarfen ƙafa, wato janti, har ba a bar wa iska hanyar fita ba. Ana like ramukan wayoyin ƙafa da wani tef. Sannan a zuba wani ruwan roba mai kama da madara cikin taya, wajen ƙaramin kofin shayi ɗaya ko biyu, wato mililita 60 zuwa 120. In ƙaya ta huda taya, iska na tura ruwan zuwa ramin, ya daskare, ya toshe shi. Mai keke yakan ci gaba da tafiya bai ma san ya taka ƙaya ba.

Sai dai ba kowane janti ke karɓar wannan taya ba. Tsohon keke irin na da, mai jantin ƙarfe, ba a yi shi domin haka ba. Mai irin wannan keke ya ci gaba da shambar ɗinsa da faci.

Wahalar tubles tana wurin sa mata iska na farko. Lokacin da aka ɗora ta bisa janti, bakinta a sake yake. Duk iskar da ta shiga a hankali sai ta zurare ta gefe. Abin ya yi kama da cika tulu mai rami a gindi: mai zuba ruwa da ludayi ba zai taɓa cika shi ba, amma mai juye bokiti gaba ɗaya zai ga ruwa ya hau. Tayar tana son iska mai yawa a lokaci guda, wadda za ta tura bakinta ya hau mazauninsa. In ya hau, ana jin ƙara, ɗas, sau ɗaya ko biyu. Daga nan ta riƙe iska.

Saboda haka aiki biyu ne a gaban mai wannan taya. Akwai zaunar da ita, wanda ake yi jefi-jefi. Akwai kuma ƙara mata iska, wanda ake yi kusan kowane mako. Famfon da ya isa aiki na biyu ba lalle ne ya isa na farko ba. Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu.

Famfuna da abin da kowane ke iyawa

Ƙaramin famfon hannu, wanda ake maƙalawa jikin keke, iska kaɗan yake turawa a kowane bugu. Yana da kyau wurin ƙara iska a hanya. Amma da wuya ya zaunar da tayar tubles, ko da mutum ya buga har hannunsa ya mutu.

Famfon ƙasa, wanda ake takawa da ƙafa a buga da hannu biyu, shi ne muke ganin ya fi dacewa da gida. A lura da kaurin jikinsa. Mai kauri yana tura iska da yawa a bugu guda, shi ya dace da taya mai faɗi. Siriri an yi shi ne domin siririyar tayar tsere, wadda ke son tauri ƙwarai. A nemi mai agogon iska, wato ma'aunin da ke nuna yawan iskar da ta shiga. Da famfo mai kauri ana iya zaunar da taya idan an yi dabara. A shafa ruwan sabulu a bakin taya domin ya yi santsi. A kwance ɗan ƙarfen da ke cikin bawul domin hanyar iska ta buɗe. Sannan a buga da sauri ba tsayawa. Wani lokaci ta zauna, wani lokaci ta ƙi, musamman in tayar ta daɗe a naɗe ta lanƙwashe. Ajiye irin wannan taya a rana na ɗan lokaci yana sa robarta ta yi laushi.

Akwai kuma famfon ƙasa mai tanki. Ana buga iska cikin tankin har ta kai wajen bar 11, sai a buɗe makulli, iskar ta faɗa cikin taya gaba ɗaya. Ba ya buƙatar lantarki ko mai. Yana da tsada ga mutum guda. Amma mai gyaran keke na ƙauye, ko ƙungiyar manoma masu kekuna da yawa, za su ci moriyarsa.

Injin iska na mai faci, wanda ke hura tayar moto da ta amalanke, yana zaunar da tayar keke cikin ƙiftawar ido. Ga wanda ke kusa da gari, wannan ita ce hanya mafi sauƙi: a zaunar da taya wurin mai faci, a riƙa ƙara iska a gida. Sai dai injin yana da ƙarfi, tayar keke kuwa ƙarama ce. A ce wa mai faci ya sa iska kaɗan kaɗan, yana dubawa.

A Turai masu tsere suna ɗaukar ƴan kwalaben ƙarfe masu iskar gas, gram 16 ko 25. Sau ɗaya ake aiki da kowace kwalba. Tana yin sanyi har ta ƙona yatsa, gas ɗin yana saurin zurarewa daga taya, kuma yakan daskarar da ruwan roba. Ba mu ga abin da manomi zai yi da ita ba.

Bakin famfo da bakin bawul

Kafin a biya kuɗi, a duba bawul. Iri uku ne. Akwai na tsofaffin kekuna, mai ƴar roba a ciki. Akwai mai kauri irin na mota da moto, faɗinsa milimita 8. Akwai siriri mai milimita 6, wanda ake kira bawul ɗin Faransa, mai ɗan kai da ake kwancewa kafin a sa iska. Yawancin tayoyin tubles na keke wannan siririn suke da shi. Bakin injin mai faci kuwa na bawul ɗin mota ne, ba zai kama siriri ba sai an ɗaura wani ɗan ƙarfe mahaɗi. Ƙaramin abu ne, ya kamata ya zauna cikin aljihun mai keke. Akwai famfuna masu baki biyu da ke kama kowane iri. Abin da ya fi shi ne a je kasuwa da keken, a gwada famfo a gaban mai sayarwa.

Kiyaye lafiya

A gefen kowace taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka. Lambar tana tare da kalmar bar ko PSI. Bar 1 daidai yake da PSI 14 da rabi. Ga wanda ya koyi karatu, wannan rubutu ya fi matsa taya da yatsa. Taya mai faɗi maras shambar takan yi tafiya da wajen bar 2, kuma ba kasafai take buƙatar fiye da bar 3 kafin ta zauna ba. In an wuce iyaka, taya na iya ɓallewa daga janti da ƙara mai tsanani. Tana iya ji wa hannu ciwo, ta taɓa kunne, ta watsa ruwan roba cikin ido. Kada a sa yatsa a bakin taya lokacin da iska ke shiga. Kada a kusantar da fuska. A kori yara daga wurin. In ruwan roba ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, in zafin bai daina ba a tafi gidan likita.

Wasu suna zuba fetur cikin taya su ƙyasta ashana domin ta zauna. Wannan wasa da rai ne. Wutar tana ƙona fuska da hannu, tana kuma lalata taya. Haka nan tara iska cikin gorar ruwa ta roba domin a mai da ita tanki: gorar na iya fashewa a hannun mutum.

Zafin ƙasarmu ma abin lura ne. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Iskar cikin taya tana kumbura da zafi, don haka a ajiye keke a inuwa. Ruwan roba kuma yana bushewa cikin ƴan watanni, ya fi saurin bushewa da bazara. A girgiza ƙafar keke kusa da kunne. In ba a ji motsin ruwa ba, lokacin ƙari ya yi. Wanda bai san inda zai samu wannan ruwa ba, kada ya yi gaggawar barin shambar.

Famfo shi ma yana son kulawa. Rairayi yana cinye cikinsa, hunturu yana busar da fatarsa har ta daina kama iska. A ɗiga wa fatar ɗan mai, a rataye famfo cikin ɗaki.

Mai tafiya nesa ya ɗauki shambar guda da ƙaramin famfo, ko da tayarsa tubles ce. In ta yage ko ta sauka daga janti a daji, ƙaramin famfo ba zai mai da ita ba. Sai a cire bawul ɗinta, a sa shambar, a hura. Amma kafin a sa, a shafa cikin taya da tsumma a hankali, a cire duk ƙayoyin da suka maƙale. Ruwan roba ya daɗe yana rufe su, kuma guda ɗaya ta isa ta huda sabuwar shambar tun ba a bar wurin ba.