Yadda Giya Ke Tsinka Linzamin Ƙwaƙwalwa

'Yan uwa, sau da yawa za ka ji mutum yana cewa, "Ni fa ba mashayi ba ne, ranar kasuwa kaɗai nake ɗan taɓawa." Bayan wasu shekaru sai ka tarar kwalba ta cinye masa jari. To, yaya ɗan taɓawa ke zama jaraba? Masana ƙwaƙwalwa sun gano wani ɓangare na amsar.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu jijiyoyi masu kula da jin daɗi. In ka ci abinci da yunwa, ko ciniki ya faɗa da riba, sai su saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke sa mutum ya so ya ƙara. Giya ma tana sa a saki dofamin, ko ta kwalba ce, ko burkutu, ko pito, domin sinadarin da ke sa maye a cikinsu duka ɗaya ne.

Jijiyoyin nan suna da abin da ke raya su, kamar yadda taki ke raya shuka. Ɗaya daga ciki shi ne BDNF, wanda Yves-Alain Barde da Hans Thoenen suka fara warewa a Jamus a 1982. Akwai kuma GDNF, da aka gano a 1993.

A 2004, Dorit Ron da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko sun yi gwaji da ɓeraye. Sun ga cewa in ɓera ya sha giya kaɗan, BDNF na ƙaruwa a sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da sabo. Da suka rage wa ɓerayen BDNF sai shansu ya ƙaru, da suka ƙara musu shi kuwa sai ya ragu. Wato ƙwaƙwalwa ce da kanta ke jan linzami don kada a zarce.

Kada wani ya ce ashe giya kaɗan taki ce ga ƙwaƙwalwa. Ƙaruwar nan kare kai ne jiki ke yi, kamar kanta da ke fitowa a tafin mai jan igiya. Kuma linzamin ba ya dawwama. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa in dabbar ta yi makonni tana sha da yawa, BDNF ba ya ƙara tashi a wannan sashe. A gaban ƙwaƙwalwa kuma, wato bayan goshi, inda ake auna abu kafin a aikata, raguwa yake yi. Daga nan sai sha ya zama ba ƙaƙƙautawa.

A 2023, masana a jihar Oregon ta Amurka sun yi wa birai huɗu da suka saba da giya tiyata, suka sa ƙwaƙwalwarsu ta riƙa samar da GDNF mai yawa. Shansu ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Wannan gwajin dabbobi ne, ba magani ne da za ka je kemis ka saya ba.

A wannan shekarar dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin giya da ba ya cutar da lafiya. Ta kuma ƙiyasta cewa a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6.

Saboda haka, wanda ya ga kwalba ɗaya ta daina isarsa, ko ya fara sha ranar da ba ta kasuwa ba, ya san linzami ya fara sakewa, ya nemi likita tun da wuri. Wanda kuwa ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai, domin hakan na iya jawo karkarwa da farfaɗiya, har ma a rasa rai. A kai shi asibiti, a bar masa gori. Allah ya kiyaye.